Gasket Ba Ya Ƙonewa Haka Kawai: Kimiyyar da ke Cikin Gyaran Kan Inji

Gabatarwa

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai intaha a Kaduna, wani maƙwabcina malamin makarantar sakandare ya taso daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zai koma gida Unguwar Dosa a cikin tsohuwar motarsa ƙirar Golf. Cunkoso ya riƙe shi a kan titin Ahmadu Bello, ya yi ta tafiyar hawainiya. Ko da ya hau titin Ali Akilu sai ya lura allurar zafi ta doshi ja. Ya ce a ransa ai gida ya kusa, bari ya lallaɓa. Ya kuwa isa gida lafiya, amma washegari da safe motar ta tashi da kyar, tana karkarwa, farin hayaƙi na tuɗaɗa daga salansa.

Bakaniken da aka kira bai ɓata lokaci ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, sai haƙuri, ta ƙona gasket." A yini guda aka sauke kan inji, aka sa sabon gasket, aka mayar. Mako uku bai cika ba sai ga farin hayaƙi ya dawo.

Duk mai ƙaramar mota a garin nan ya san labari irin wannan, in bai same shi ba ya sami na kusa da shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada ƙwarai, har ya zama gyara ɗaya da aka maimaita sau biyu yana iya cinye albashin wata. Saboda haka mutane da yawa suka fara tunanin yin aikin da kansu a ƙofar gida. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyya ta sani game da wannan ɗan faifai da ake kira gasket, da dalilin da ya sa sau da yawa ake sauya shi amma ciwon bai warke ba.

Mene Ne Gasket?

Injin mota kashi biyu ne manya. Akwai gangar inji a ƙasa, wadda a cikinta aka huda ramukan silinda inda fistin ke hawa da sauka. Akwai kuma kan inji a sama, wanda kanikawa ke kira tof silinda, shi ne murfin ramukan, kuma a jikinsa bawuloli da fulogogi suke. Tun daga injin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, tsarin aikin bai sauya ba: fistin ya zuƙo iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna musu wuta su tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya koro hayaƙin waje.

Komai santsin ƙarfe biyu, in aka haɗa fuskokinsu sai an sami 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Gasket shi ne faifan da ake shimfiɗawa tsakanin ganga da kai domin toshe waɗannan ƙofofi. Kaurinsa bai fi milimita ɗaya zuwa biyu ba, amma abubuwa uku yake rabawa waɗanda ba su ga maciji da juna: wutar da ke ci cikin silinda, da ruwan da ke zagayawa yana sanyaya inji, da baƙin man da ke hawa sama domin shafe sassan da ke gogayya. Kowannensu na da hanyarsa da ta ratsa ta jikin faifan, kuma a wasu wuraren tazarar da ke tsakanin hanyar wuta da ta ruwa ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba.

Domin mai karatu ya gane nauyin da ke kan wannan faifai, sai ya tuna cewa zafin wutar da ke cikin silinda yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, matsin da take yi kuma yakan ninka na iskar da muke shaƙa sau arba'in ko fiye. Idan inji na juyi 3,000 a minti guda, kowace silinda tana fashewa da wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Haka gasket ke shan wannan bugu shekara da shekaru, kuma matuƙar ba a zalunce shi ba yakan kai ƙarshen rayuwar injin.

A da ana yin gasket da asbestos, wani ma'adini mai jure wuta, wanda daga baya aka tabbatar ƙurarsa na haddasa cutar huhu da sankara. Daga shekarun 1990 masu ƙera motoci suka koma ga gasket na siraran fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna. Wannan sabon samfuri ya fi ƙarko, sai dai ba ya yafe kuskure: yana bukatar fuskar ƙarfen da zai kwanta a kai ta zama sumul, ba tudu ba kwari.

Ƙarfe Biyu, Hali Biyu

A da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke yawo a Kaduna, ciki har da Golf ta uku da aka ƙera daga 1991, gangar inji ta ƙarfen zubi ce, kan inji kuwa na alminiyam ne. Kowane ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, amma ba daidai suke buɗewa ba. Alminiyam yakan ninka ƙarfen zubi wajen miƙewa.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tsawon kan inji santimita 40 ne, kuma zafinsa ya tashi daga digiri 20 na sanyin safiya zuwa digiri 90 na aiki. Alminiyam zai ƙara tsawo da kimanin milimita 0.64, ƙarfen zubin da ke ƙarƙashinsa kuwa da kimanin milimita 0.31 kawai. Ke nan duk lokacin da aka tayar da mota, kan inji yana ɗan zamewa bisa ganga da kusan sulusin milimita, in ta huce kuma ya koma. Injiniyoyi sun san da wannan, sun kuma ƙera gasket da notuna yadda za su jure shi.

Matsala tana farawa ne idan zafi ya wuce ƙa'ida. Kan inji na son ya buɗe fiye da kima, notuna kuma sun danne shi, saboda haka sai ya murƙushe gasket a wuraren da suka fi zafi, musamman siririyar gadar da ke tsakanin silinda biyu na tsakiya. Idan ya huce ba ya komawa yadda yake, sai ya ɗan lanƙwashe. Daga nan wuta ta sami kafa, ta yi ta lasar faifan har ta huda shi. Ashe ke nan gasket ba shi ne mai laifi ba, shi ne wanda aka fara ci da yaƙi.

Ina Zafin Ya Fito?

Daga cikin ƙarfin da ke cikin litar fetur, abin da ke juya ƙafafun mota bai kai sulusi ba a yawancin lokaci. Kusan sulusi yana fita ta salansa, kusan sulusi kuma dole ruwa ya kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. In motar na gudu a hanyar Zariya, iskar da take keta ta isa. Amma in tana tsaye cikin cunkoson Kawo da rana tsaka, fanka ce kaɗai ke jawo iska. Fankar da ta mutu ba ta nuna kanta a kan babbar hanya, sai a cikin gari.

Abu na biyu shi ne murfin lagireto, wanda mutane da yawa suka ɗauka marufi ne kawai. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. Kaduna tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 600, inda nauyin iska ya ragu, don haka a nan ruwa yana tafasa a wajen digiri 98. Inji kuwa yana aiki ne a wajen digiri 90, tazarar ba ta da yawa. Murfin lagireto yana ɗauke da sifirin da ke tsare matsi a ciki, matsin nan kuma shi ke ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 120. Idan robar murfin ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri, tururi ya taru a cikin kan inji, shi kuwa tururi ba ya kwashe zafi kamar ruwa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa buɗe murfi alhali inji na da zafi ganganci ne: da zarar matsi ya tafi, ruwan zai rikiɗe tururi nan take, tururi kuwa yakan ninka girman ruwansa kimanin sau 1,700, ya feso wa mutum a fuska.

Abu na uku shi ne irin ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa cikin siraran bututun lagireto, kamar dai ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Har ila yau, ƙarafa biyu mabambanta da ke jiƙe cikin ruwa ɗaya sukan zama tamkar ƙaramin batir, alminiyam ya riƙa zagwanyewa a hankali. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, yana kuma ƙara ɗaga matakin tafasa da 'yan digirori. Masu cewa na ƙasashen ƙanƙara ne kawai sun san rabin aikinsa ne. A waje kuma, ƙurar hunturu da ganyaye da ƙwari sukan liƙe fuskar lagireto su hana iska wucewa.

Abu na huɗu wata al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wato cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, bisa hujjar cewa don ƙasar sanyi aka yi shi. Tamostat wata ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har sai inji ya ɗumama zuwa digiri 80 da wani abu, sannan ta buɗe. In aka cire shi, inji zai daɗe yana aiki cikin sanyi, ya sha mai da yawa, ya kuma ci jikinsa da wuri. A wasu injunan ma tamostat ne ke toshe wata gajerar hanya idan ya buɗe, saboda haka in babu shi wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa cikin inji bai leƙa lagireto ba. Wanda ya lalace, magani shi ne a sa sabo.

Alamomin Ciwo

Alamar da gasket zai nuna ta danganta da wurin da ya huje. Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, za a ga farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi, ruwa ya riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, kumfa kuma ta riƙa tasowa a bakin lagireto. Idan tsakanin ruwa da baƙin mai ne, man zai koma kamar shayi da madara. Idan kuwa tsakanin silinda biyu ne, ba za a ga hayaƙi ba, sai dai mota ta rasa ƙarfi tana karkarwa.

A nan sai a yi hattara, domin ba duk farin hayaƙi ne ciwo ba. Da sanyin safiyar hunturu lafiyayyar mota ma takan fitar da tururi na 'yan mintoci, saboda ƙonewar fetur kanta tana haifar da ruwa. Hanyoyin tabbatarwa biyu ne. Ta farko ita ce auna matsin kowace silinda da ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi: in biyu maƙwabtan juna suka yi ƙasa tare, gadar da ke tsakaninsu ta karye. Ta biyu wani shuɗin ruwa ne da ake sawa cikin kwalba a bakin lagireto. In iskar ƙonewa na shiga cikin ruwan inji, sinadarin kabon dayoksaid da ke cikinta zai mai da shuɗin ya koma rawaya.

Wanda ya ga waɗannan alamomi ya ajiye motar. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka in ya taru a silinda cikin dare aka tayar da inji da safe, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Baƙin man da ya gauraya da ruwa kuma ba ya kare ƙarfe, sai injin ya buga gaba ɗaya.

Gyara a Ƙofar Gida

Karo na biyu maƙwabcin nawa bai kai motar gareji ba. Ya kira wani tsohon ɗalibinsa da ya koyi kanikanci, suka yi aikin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙofar gida, cikin kwana uku. Kafin yaron ya taɓa noti ko ɗaya sai ya ce, "Malam, mu fara neman abin da ya kashe na farko." Suka tarar da makunnin da ke tayar da fanka in ruwa ya yi zafi ya mutu, robar murfin lagireto kuma ta bushe ta tsage. Bakaniken farko bai duba ko ɗaya ba.

Aikin kansa yana da tsari. Ana barin inji ya huce sarai, a cire kan batir, a tsiyaye ruwa da mai. Ana juya inji har alamomin taimin su daidaita kafin a cire bel, domin a injuna da yawa kuskure a nan yakan sa fistin ya daki bawul. Kowace waya da kowane tiyo a yi musu alama, ko a ɗauki hotonsu da wayar hannu. Notunan kan inji ana kwance su ne kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Sannan a kankare ragowar tsohon gasket da abin da ba zai karce alminiyam ba, kuma in tsohuwar mota ce a jiƙa wurin tukuna don kada ƙura ta tashi, ko da akwai asbestos a ciki.

Masu Peugeot suna da ƙarin abin lura. Kamfanin da ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, ƙetaren kogi, a 1975 ya cika garin nan da 504, daga baya kuma 206 ta shigo da yawa. A injin 504, da ƙananan injunan 206 masu lita 1.1 da 1.4, silinda ba a jikin ganga aka huda ta ba, bututu ne da aka zura, ruwa na kewaye da shi. In aka fizge kan inji sama, ko aka juya inji bayan an sauke shi ba tare da an danne bututun ba, za su motsa daga mazauninsu, ruwa ya riƙa zuba cikin mai ta ƙasa, ko da an sa sabon gasket.

Inda Ido da Hannu Ba Su Isa Ba

Akwai matakai biyu da ƙwarewar hannu ba ta maye gurbin awo a cikinsu. Na farko shi ne duba ko kan inji ya lanƙwashe. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo bisa fuskarsa, a tsaye da a karkace, a riƙa gwada zura siraran ƙarafa masu lamba a ƙarƙashi. Iyakar da masu ƙera injuna suka yarda da ita yawanci tsakanin milimita 0.05 ne da 0.1, wato kaurin gashin kai ɗaya. Na maƙwabcina ya ninka wannan iyaka. Suka ɗauke shi zuwa wurin masu injin sassabe ƙarfe a Panteka, aka aske fuskar ta koma daidai. Askin ma yana da iyaka, domin duk abin da aka cire yana rage ɗakin ƙonewa ya ƙara matsi, kuma akwai kaurin da ba a sauka ƙasa da shi. Yana da kyau a duba ko kan ya tsage, musamman tsakanin bawuloli, domin kan da ya tsage babu gasket ɗin da zai cece shi.

Na biyu shi ne ɗaure notuna. Noti ba ƙusa ba ne, sifirin ne: in aka ɗaure shi yana ɗan miƙewa, ƙoƙarinsa na komawa shi ke danne kan inji. In wani ya fi wani ɗauri, matsin ba zai bazu daidai ba. Saboda haka ana amfani da sufana mai ma'auni, a fara daga tsakiya a fita gefe, hawa-hawa. A injin Golf ta uku mai lita 1.8, alal misali, notuna goma ne, ana ɗaure su zuwa 40 a ma'aunin Niyuton-mita, sannan 60, sannan a ƙara wa kowanne rubu'in juyi sau biyu. Irin waɗannan notuna an ƙera su ne su miƙe har su ɗan wuce inda za su iya komawa, don haka sababbi ake sawa. Kowane inji da lambobinsa, sai a nemi na motar da ake gyarawa. Kafin nan a tsane ramukan notunan, domin ruwa ko man da ya kwanta a gindin rami yakan ruɗi ma'auni, har ma ya tsaga ganga. Gasket kuma a busasshe ake sa shi, fuskar da aka yi wa alama tana sama. Gam ɗin da wasu ke shafawa ba ya gyara ƙarfen da ya karkace.

Bayan an haɗa, a zuba sabon baƙin mai da sabuwar matata, a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, sannan a bar inji yana aiki a tsaye har a ga fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Tsohon ruwan sanyaya inji kada a bar shi a buɗe a tsakar gida: yana da zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda, ga yara da dabbobi baki ɗaya.

Kammalawa

Motar malamin tana kan hanya har yau, kuma abubuwa biyun da suka jawo masa asarar, wato makunnin fanka da murfin lagireto, kuɗinsu bai kai ko kusa da na gyara ɗaya ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A duba ruwa da safe kafin a tayar da mota, a wanke fuskar lagireto bayan hunturu, a saurari fanka cikin cunkoso. In allura ta doshi ja, a gangara gefe a kashe inji, a jira ya huce don kansa ba tare da an kwara masa ruwan sanyi ba.

Wanda ya shiga tsohuwar Panteka da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada zai ga masu zubin tukwane suna narka tarkacen alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660. A cikin tarkacen akan ga kawunan injuna da suka tsage ko suka lanƙwashe fiye da gyara. Da yawa daga cikinsu sun iso nan ne saboda direban ya ga allura a ja, ya ce ai gida ya kusa.